Littafin aiki: shafin da ke kwana da lissafin jiya

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025

Yau aka damƙa mini manhajar wani kantin sarin magunguna. Da Django, tsarin gina manhajar yanar gizo na yaren Python, aka gina ta, tana zaune a saba mai Ubuntu 24.04 da Python 3.12. A bakin ƙofa nginx ne mai karɓar buƙatun burauza, bayansa gunicorn mai gudanar da manhajar da ma'aikata uku, wato furoses uku, kowanne kwafin manhajar ne da ke gudana yana amsa buƙatu, bayanai kuma suna cikin rumbun PostgreSQL. Wanda ya rubuta ta ya koma wani aiki, ya bar kod da 'yar takardar bayani.

Ƙorafin guda ɗaya ne: shafin "Cinikin Yau" yana nuna na jiya idan gari ya waye. Manajan kantin ya ce mini, "Injiniya, da mun buɗe lissafin jiya za ka gani ras. Can wajen ƙarfe goma sai ya fara raina wa mutum hankali, ka sabunta shafi ka ga na yau, ka sake ka ga na jiya. Kafin azahar ya warke da kansa." Na ce ranar Litinin fa, tunda ba ku buɗewa Lahadi? Ya ce ai na Asabar yake kawowa.

Wannan amsar ta fi mini komai amfani. Da a ce wani ne ya rage kwana ɗaya a lissafi, ko bambancin awa guda da ke tsakanin agogonmu da na UTC ne ke wasa, to shafin Lahadi ne zai fito, wayam ba ko sisi. Tunda Asabar yake nunawa, akwai abin da ya riƙe ranar ƙarshe da aka yi aiki bai sake ta ba.

Abin da ya ɗaga maganar shi ne Alhaji mai kantin ya duba shafin a wayarsa, ya ga jimilla iri biyu a safiya ɗaya. Tun daga ranar yake yi wa yaron da ke kan kanta wani irin kallo.

A kwamfutata, da `runserver`, ƙaramar sabar da Django ke tayar wa mai rubuta kod, shafin lafiya lau.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na bi wuraren da tsohon shafi kan maƙale. Babu `proxy_cache` a nginx, ba a kunna ma'ajiyar wucin gadi ta Django ba, burauza kuma tana zuwa saba duk lokacin da aka sabunta. Na nemo `date.today()`, mai ba da ranar yau, a duk kod ɗin. Wanda ya shafi rahoton yana cikin wani fankshan mai suna `na_yau()`, kuma a ido babu aibu tare da shi: a kira shi, ya ɗauki ranar, ya tace.

Manaja ya ce a da idan abin ya dame su sukan kira tsohon injiniyan ya kashe gunicorn ya kunna, nan take ya daidaita. Na roƙe shi kada kowa ya sake yin haka sai na ce. Idan kashewa da kunnawa na warkar da cuta, to cutar tana cikin ƙwaƙwalwar furoses ɗin da ke gudana ne, kuma duk wanda ya kashe shi ya binne shaidar tare da shi.

Na ƙara `%(p)s` a tsarin log ɗin gunicorn domin kowane layi ya fito da lambar ma'aikacin da ya amsa buƙatar. Sauyin ba ya kamawa sai an aika wa gunicorn siginar HUP, wadda ke haifar da sababbin ma'aikata ta sallami tsofaffi a hankali. Da la'asar na yi, ana tsaka da ciniki, don kowane sabon ma'aikaci ya taɓa aiki yau kafin ya kwana.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Log ya yi magana. Da safe duka ukun suna ba da amsa mai girma ɗaya, ta jiya. Wajen goma saura sai wata sabuwar lamba ta bayyana a log, kuma duk buƙatar da ta faɗa hannunta daidai take fitowa. Na duba da `ps -o pid,lstart,cmd`: biyun da ke ƙarya jiya da yamma aka haife su, mai gaskiyar kuwa yau da safe.

Dalilin sauyin yana cikin fayil ɗin saitin: `max_requests = 500`. Duk ma'aikacin da ya amsa buƙatu ɗari biyar sai ya sauka a kawo sabo. Ga inda "warkewa da kansa" take fitowa, ga kuma inda wasan ƙarfe goma yake fitowa, lokacin da tsofaffi da sababbi ke aiki kafaɗa da kafaɗa, wanda ya riga cafke buƙata shi ke amsawa.

Na gwada py-spy, don shi ba ya buƙatar a tsayar da komai na dogon lokaci. `py-spy dump --pid` ya nuna mini ma'aikacin yana zaune yana jiran buƙata, shi ke nan. Kayan aiki ne mai kyau idan furoses ya sandare ana neman inda ya maƙale, amma ni ba inda yake nake nema ba, abin da ya haddace nake nema. Sai dibaga, manhajar bin kod layi-layi yana gudana: in shiga cikin ma'aikacin da ya kwana, in tsayar da shi a tsakiyar buƙata, in tambaye shi.

Ba zan fara da sabar kanti ba. Na tayar da sabar gwaji mai saiti iri ɗaya.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Yini guda a kan sabar gwaji, kuma gara da a nan aka yi.

Hanyar da aka saba bi da debugpy, wato dibagar Microsoft da VS Code ke amfani da ita, ita ce a saka `debugpy.listen()` a cikin kod a sake tayar da manhaja. Ba za ta yi mini ba, tunda sake tayarwa shi ne abin da nake gudu. Ɗaya hanyar ita ce a liƙa wa furoses mai rai:

`python -m debugpy --listen 127.0.0.1:5678 --pid <lambar ma'aikaci>`

A Linux, gdb, wata dibagar daban, ne ke yin aikin a ƙarƙashi. Yana kama furoses ɗin, ya sa shi ya loda wani ƙaramin laburare, laburaren ya shigo da debugpy cikin Python ɗin da ke gudana, sannan gdb ya saki. Don haka cikas na farko shi ne babu gdb a sabar, sai da na girka.

Na biyu: `ptrace: Operation not permitted`. Ubuntu yana zuwa da `/proc/sys/kernel/yama/ptrace_scope` a kan 1, ma'ana furoses ba ya iya leƙa cikin wani sai in zuriyarsa ne, ko da kuwa mai su ɗaya. Shawarar da ta cika intanet ita ce a mayar da lambar 0. Ban ga dalilin buɗe wa kowane furoses a saba wannan damar saboda aikin minti goma ba, alhali `sudo` a gaban umarnin ya wadatar.

Na uku ya fi cin rai domin ba ya ihu. Umarnin ya ƙare kamar ya yi nasara, amma babu mai saurare a ƙofa ta 5678. Na girka debugpy ne a cikin foldar gidana, ma'aikacin kuma da sunan `www-data` yake gudana. Ni ne na ba da umarni da ikon root, amma shi ne zai karanta fayilolin da nasa ikon, kuma ba shi da izinin shiga foldar. Da na mayar da debugpy inda zai iya karantawa sai ƙofa ta buɗe.

Maganar ƙofar nan: 127.0.0.1 kawai, ba 0.0.0.0 ba. Dibaga ba ta tambayar kalmar sirri. Duk wanda ya isa ƙofar zai iya gudanar da kod ɗin da ya ga dama a cikin manhajar, da ikon taɓa rumbun bayanai gaba ɗaya. Daga kwamfutata na shiga ta ramin SSH: `ssh -L 5678:127.0.0.1:5678`.

VS Code ya haɗu, na dasa shinge, wato alamar inda kod zai tsaya, a layin da nake so, sai ɗigon ya fito fari maimakon ja. Dibagar da ke saba ta san fayil ɗin da `/srv/kanti/app/...`, ni kuma ina aika mata sunan da yake da shi a kwamfutata. `pathMappings` a `launch.json` ya sasanta su, `localRoot` nawa, `remoteRoot` nata. Na kuma tabbatar kod ɗin da ke gabana shi ne daidai wanda ke saba, domin da lambar layi dibaga ke aiki. Layi biyu suka gota, za ka tsaya a inda ba ka nufa ba kana karanta abin da ba shi ke gudana ba.

Ɗigo ya yi ja, buƙata ta zo, ma'aikaci ya tsaya cak. Ina cikin buɗe `request` sai komai ya ɓace, burauza ta nuna 502. A log: `[CRITICAL] WORKER TIMEOUT`.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Babban furoses na gunicorn ba ya amsa buƙata ko ɗaya. Aikinsa na heluma ne a wurin gini: yana zagayawa, duk leburan da ya gani tsaye ba motsi na daƙiƙa 30 sai ya sallame shi ya ɗauko wani, ba ya tambayar dalili. Kowane ma'aikaci yana da ɗan fayil na wucin gadi da yake taɓawa a kai a kai, heluman kuma lokacin taɓawar ƙarshe yake dubawa. Wanda dibaga ta tsayar ba ya taɓa komai, sai a aika masa siginar kisa ta SIGABRT.

Ba gunicorn kaɗai ke da wannan hali ba. Masu sabar IIS a Windows da ke liƙa Visual Studio a `w3wp.exe` sun san shi, sai dai su daƙiƙa 90 ake ba su kafin a yanke hukunci.

Maganin da kowa ya sani shi ne `--timeout 0`. Amma sauya shi na buƙatar HUP, HUP kuma na kashe ma'aikatan da nake son yi wa tambaya. Zan iya sauyawa yau in jira gobe, sai dai hakan na nufin kanti ya yi yini guda ba mai ceton ma'aikacin da ya maƙale da gaske. Ban so ba.

Bayan an sauko daga masallaci na gwada wata dabara: in daskarar da heluman kansa da `kill -STOP`. Ma'aikata duk sun gaji soket ɗin sauraro daga gare shi, don haka suna ci gaba da karɓar buƙatu ko yana barci. Ya yi aiki. Na tsaya a shinge har na gaji, ba wanda ya taɓa ma'aikacin. nginx dai ya gaji da jira bayan daƙiƙa 60 ya ba burauza 504, amma wannan bai dame ni ba, furoses ɗin na nan da ransa.

Haɗarin a bayyane yake. Idan netwok ya yanke ina tsaka da aiki, heluma zai zauna a daskare, kuma duk ma'aikacin da ya cika ɗari biyar ɗinsa ya sauka ba mai maye gurbinsa, har kanti ya wayi gari ba kowa. Da datar waya nake aiki, ba zan ɗora amanar kantin mutane a kanta ba. Na rubuta 'yar sikirif da ke gudana cikin tmux, wanda ba ya mutuwa idan haɗi ya yanke, a sabar kanta: ta jira minti goma sha biyar, ta farkar da kowa, ko ina nan ko ba na nan.

Jerin farkarwar ma da ƙa'idarsa. Ina so in daskarar da sauran ma'aikata biyun su ma, don buƙatata ta faɗa hannun wanda na liƙa wa kai tsaye. Idan aka fara farkar da heluma, zai duba ya ga fayilolinsu sun daɗe ba a taɓa ba, ya kashe su. Don haka ma'aikata tukuna, a jira daƙiƙa 20, tunda wanda ba shi da aiki duk rabin wa'adin yake motsawa, wato daƙiƙa 15, sannan heluma.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na sake bin matakan a sabar gwaji daga farko har ƙarshe, na rubuta su a takarda. Na girka gdb da debugpy a sabar kanti ba tare da na taɓa gunicorn ba. Litinin na zaɓa, don tazarar kwana biyu ba ta barin shakka.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Ƙarfe bakwai saura kwata, kanti bai buɗe ba. `ps` ya nuna ma'aikata uku, duka haihuwar Asabar. Na tayar da sikirif ɗin ceto, na daskarar da heluma da biyu daga ciki, na liƙa wa na ukun. Duk da ba kowa a kan manhajar, na sa wa shingen sharaɗi, `self.request.user.username == "gwaji"`, don kada Alhaji ya duba waya daga gida shafinsa ya sandare a hannuna.

Na kashe `justMyCode` a saitin, saboda ba a cikin kod ɗin kanti kawai nake son tsayawa ba. Shafin `ListView` ne, don haka na dasa shingen a cikin Django kansa, a `get_queryset`. Na buɗe shafi, ya tsaya. A akwatin umarnin dibaga na rubuta `date.today()`, ya ba ni 10 ga Nuwamba. Agogo lafiya. Na rubuta `str(self.queryset.query)`, sai ga SQL ɗin ya fito, a ƙarshensa an rubuta ranar da ake tacewa da ita: `2025-11-08`.

Na bi `self.queryset` zuwa inda aka haife shi. Ba a fayil ɗin shafin yake ba, yana cikin wani kilas da shafuka da dama suka gada:

`queryset = Ciniki.objects.na_yau()`

`na_yau()` ba shi da laifi, kamar yadda na gani ranar Talata. Inda aka kira shi ne matsalar. Layin yana jikin kilas ne, ba cikin fankshan ba, Python kuma sau ɗaya yake gudanar da jikin kilas, lokacin da aka fara shigo da fayil ɗin. A Django wannan na faruwa ne sa'ad da ma'aikaci ya karɓi buƙatarsa ta farko ya loda jerin adireshin shafuka. Daga nan ranar ta zama lamba a daskare har ma'aikacin ya mutu.

Na taka layi-layi don in ga abin da ya sa ya ɓoyu haka. Django na duba ko an ba kilas `queryset`, idan an ba shi sai ya kira `.all()` a kansa. Wannan na yin sabon kwafi, shi ya sa duk buƙata ke zuwa rumbun bayanai da gaske, kuma cinikin da aka shigar yanzu yake bayyana nan take. Shafin yana da rai ta kowace fuska, sai dai kwafin yana ɗauke da sharaɗin tacewar yadda yake, har da tsohuwar ranar. A kwamfutar mai rubuta kod kuwa ba zai taɓa nunawa ba, domin `runserver` na sake tayar da kansa duk lokacin da aka adana fayil. Ba furoses ɗin da ke kwana a can.

Na ɗauki hoton allon, ranar yau a sama, ranar Asabar a ƙasa. Na saki shinge, na cire haɗin, na farkar da ma'aikata, na jira, na farkar da heluma. Wanda na liƙa wa na aika masa siginar sallama ta TERM, domin debugpy ba ya fita daga furoses bayan ya shiga, cire haɗin VS Code ba ya rufe ƙofar. Heluma ya kawo sabo. `ss -ltnp` ya tabbatar ba mai saurare a 5678. Ƙarfe bakwai da 'yan mintuna komai ya koma yadda yake.

Talata, 11 ga Nuwamba

Gyaran layi uku ne: na cire `queryset` daga jikin kilas, na rubuta `get_queryset()` da ke kiran `na_yau()` a kowace buƙata. Na kuma mayar da `date.today()` zuwa `timezone.localdate()`, tunda shi ne na gidan Django.

Gwajin ya fi gyaran tsawo. Dole ya fara shigo da shafin, sannan ya tura agogo gaba da kwana ɗaya da freezegun, sannan ya nemi shafin. Idan aka tura agogo kafin shigowa, tsohon kod ma zai ci jarrabawar. Na gudanar da shi a kan tsohon kod ya faɗi, a kan sabo ya wuce.

Na zagaya neman 'yan'uwan wannan kuskure. Django na da gargaɗin `fields.W161` ga wanda ya sa tsayayyar rana a matsayin `default` na filin model, flake8-bugbear mai binciken kurakuran kod kuma na da B008 ga kiran fankshan a cikin tsoffin ƙimomin wani fankshan. Babu ɗayansu da zai kama namu. Da hannu na bi, na sami guda a fom ɗin shigar da kaya, `initial=date.today()`. Wannan ya fi na rahoton muni, domin shi rahoto nunawa kawai yake, wannan kuwa idan ma'ajin sito bai lura ya gyara ba, ranar jiya ce za ta shiga rumbun bayanai ta zauna.

A cikin tsofaffin fayilolin da aka kwaso daga sabar da suka bari a watannin baya na ga wani layin crontab, jadawalin ayyukan da saba ke yi da kanta, da ke sake tayar da gunicorn kullum da tsakar dare. Ba a ɗauko shi zuwa sabuwar sabar ba. Ashe kuskuren ya daɗe, layin nan ne ke share shi kowane dare. Ban mayar da shi ba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Jiya da yau shafin ya waye gari da ranarsa, ma'aikatan da suka kwana ne kuma suka amsa.

Na je kanti na nuna wa Alhaji hoton. Na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin ba su taɓa motsawa ba. Na'urar ce ke nuna maka littafin wata ranar." Ya daɗe yana kallo, ya ce a kira masa yaron. Na fito na ba su wuri.

Sabar gwaji yanzu tana da nata saitin dibaga na dindindin: ma'aikaci ɗaya, `timeout = 0`, da `debugpy.listen()` a cikin `post_fork`, wanda ba ya kunnuwa sai an saita wani canji na muhalli. Ma'aikaci ɗaya dole ne, in ba haka ba na biyun zai tarar an riga shi ƙofar ya faɗi da `Address already in use`. A sabar kanti kuwa na cire gdb da debugpy duka.

Python 3.14 da ya fito ranar 7 ga Oktoba ya zo da `python -m pdb -p`, wanda ke liƙa wa furoses mai rai ba tare da gdb ba, bisa tsarin PEP 768. Izinin ptrace dai har yanzu ana buƙatarsa, heluma ma ba zai daina ƙirga daƙiƙa 30 ɗinsa ba. Ba zan ɗaga kantin daga 3.12 saboda wannan kaɗai ba.

Saura aikin fom ɗin sito. Kowane layi na da `created_at` da aka rubuta daidai lokacin adanawa, don haka zan fitar da duk shigarwar da ranarta ta saɓa da shi tun daga ƙaurar saba. Wasu da gangan aka mayar da su baya, kayan da suka iso da dare aka shigar da safe. Manaja ya ce ranar Asabar bayan an tashi zai zauna da ni da takardun direbobi mu tantance su ɗaya bayan ɗaya.